Tsakanin Allura da Goyo

Ni Stamatia, tun ina jaririya ake ƙara mini jini, yanzu ga shi na haura shekara hamsin. Ciwon gado ne, jikinmu ba ya iya yin jinin kirki, kuma a cikin Girkawan da ke birnin Melbourne da wuya ka sami dangin da bai taɓa ba. Duk mako uku muke hallara a ɗakin ƙarin jini, kowa da kujerarsa. Tawa ce ta bakin taga, wanda ya kuskura ya zauna a kai kuwa zai ji bakina.

Bara aka fara yi mini sabuwar allurar nan ta ƙarƙashin fata, mai taimaka wa ɓargo ya yi jininsa da kansa. Da farko ƙasusuwana sun yi ciwo kamar an daka ni a turmi, amma daga baya ledar jini uku da ake ƙara mini ta koma biyu, wani zuwan ma ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kowace leda tana barin sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, shi ne kuma yake kashe mu a ƙarshe, ba ƙarancin jinin ba.

Kujerar da ke kusa da tawa ta Marilena ce, malamar firamare a unguwar Oakleigh, shekarunta talatin da takwas. Thia take ce mini, wato gwaggo, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai wannan ɗakin. Ita ma likita ya ce ta cancanci allurar, amma da sharaɗi: ba ciki muddin ana yi, har sai an daina da watanni. Ita kuwa da mijinta Lefteris sun yi shekaru suna neman haihuwa ta dashen asibiti, ƙwai ɗaya tak ya rage musu a ajiye. Likita bai ɓoye mata komai ba. Hantarta ta cika da ƙarfe. Zuciyarta za ta iya ɗaukar ciki bana, amma bai yi alkawarin baɗi ba. In ta ɗauki cikin kuma, dole ta ajiye maganin fitar da ƙarfen, ga ƙarin jini fiye da na da. Ranar nan ce za ta ba shi amsa.

Na zo da shirina. Na gasa biskit ɗin riɗi da take so, na sayo mata kofi, na bari sai da ta kai na biyu baki kafin na far mata.

"To, malama, yau dai za ki miƙa hannu a yi allurar nan ko?"

"Na san biskit ɗin nan ba na Allah da Annabi ba ne," in ji ta, tana dariya. "Cin hanci ne, Thia."

"Cin hancin ne, kin kuma riga kin ci. Dube ni nan, jiya da ƙafata na hau benen coci ban tsaya hutawa ba. Ke kuwa dubi idonki, fari fat kamar takarda."

"Ai ranar jini ce, kowa fari yake. Ke ma ba ja kike ba."

"Kada ki raina mini wayo. Lefteris me ya ce?"

"Ya ce ni yake so, da ɗa ko babu. Ya faɗa yana wanke kwano ɗaya har sau uku."

Raina ya ɓaci, ba kuma da ita ba. Mu tara ne muka taso a ɗakin yara na asibitin nan, ni kaɗai na rage. Duk zuciya ce ta tafi da su. Na gaya mata haka, na ce na gaji da sa baƙin kayan makoki, ba zan sa don ita ba. Na ce yara sun cika ajinta fal, ta je ta so su. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ban ji daɗinsu a bakina ba. Tana dai saurare, tana juya kofin a hannunta, ruwan sama na dukan tagar.

Da na yi shiru sai ta ce, "Kin gama?"

"Ban gama ba, numfashi nake."

"To kafin ki ci gaba, tambaya ɗaya. Ba na son amsar likita, ba na son ta gwaggo. Da ke ce, a shekaruna, da ƙwan nan ɗaya yana jiranki, me za ki yi?"

Wallahi na buɗe baki zan yi mata ƙarya. Ƙaryar tana nan a shirye, mai kyau, wadda za ta iya tsawaita mata kwana. Amma yarinyar nan ta kafe ni da ido, ni kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko a kan askin da bai yi mata kyau ba.

"Da ni ce," na ce, "ko kallon allurar ba zan yi ba. Mu a zamaninmu ba wanda ya tambaye mu. Cewa aka yi ba za mu kai ashirin ba, balle goyo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce hawaye ya zubo wa, na kuwa ji haushin kaina ƙwarai, don na san da bakina na tura ta inda nake tsoro.

Nas ta iso da ledar jini a tire, ta ce likita na tambaya ko Marilena ta yanke shawara, a haɗa allurar.

"Ki ce masa ya ajiye mini sai na haihu na yaye," in ji Marilena. Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa wa nas hannunta na hagu, na daman kuma ta miƙo mini. Na kama. Sanyi ƙalau yake, na yi ta murza shi har jinin ya fara sauka.