Tandar Furera

"Kwana goma zan koya maka," in ji Hambali, yana goge hannu da gefen zaninsa. "Kai kuma ka ɗinka mini takalmi na jar fata. Sai sharaɗi ɗaya, Malam Sada. Ta zaure zan riƙa shiga gidanka, rana tsaka, in yi sallama a amsa mini. Ni ba na haura danga."

Sada baduku ne, jikan Katsinawa, shekara talatin yana huda fata a unguwar Yelwa ta Jalingo ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Hambali kuwa ɗan daudu ne, mai shinkafa da soyayyar kaza a bakin zango. Kowa na cin abincinsa, ba mai son a gan su suna gaisawa.

"Na yarda," in ji Sada. Suka tafa.

Lalurar matarsa Furera ce ta kai Sada can. A shekarar da Turawa ke ta kwasar lebura ana gyaran hanyar Yola, lokacin yaƙin Hitila, ta yanke jiki ta faɗi gaban tandarta tana cikin toya masa. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Rumfarta ita ce ta farko in an hauro daga kogin Mayo Gwoi, kuma dokar sarkin kasuwa ita ce rumfar da ta yi kasuwa uku ba hayaƙi, a ba wani. Biyu sun riga sun wuce. Ba su da 'ya mace, maƙwabta kuwa da ke zuwa sannu rabinsu rumfar suke hange. Ranar da Furera ta ji zancen ta juya fuska ga bango, ko kunu ta daina karɓa. Sada bai yi karatu ba, amma wannan ya karanta shi sarai.

Washegari Hambali ya rangaɗa sallama a zaure har sai da 'yan unguwa suka leƙo. Ya shiga ya durƙusa gaban gadon Furera. "Yaya, sannu da jiki. Na zo in mai da mijinki mutum."

Suka jiƙa shinkafa, suka niƙa, suka rufe ƙullu ya kwana ya tashi. Hannun Sada ya saba da basilla, sai ya riƙa soke masa kamar fatar akuya.

"Wayyo ni! Ba gaba kuke yi da ita ba, Malam. Lallaɓa gefenta, in ta saki kanta ka juya."

Kowace safiya masar farko da ta fito Furera ake kai wa. Takan gutsura da gefen baki, ta tauna, ta ture akushin. Amma dai ta tauna, abin da Sada ya lura da shi ke nan.

Ran nan suna jiran tanda ta yi zafi, Sada ya ce, "Wai me ya sa ku duka girki kuke so?"

Hambali ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wa ya ce maka so muke? Ubana maƙeri ne a Zariya. Ina shekara goma sha biyar na iya ƙera lauje. Da aka ga tafiyata da maganata, aka ce in tashi daga bakin zuga. Na je wajen masaƙa, suka ce gurbi ya cika. Tukunya ce kaɗai ba wanda ya yi mini rowarta. Yanzu kuma an juya, wai duk namijin da ya riƙe ludayi irina ne." Ya ɗiga mai a tanda. "Irina suna nan cikin mahauta, suna cikin masu dogon gemu. Ba mai dubansu sau biyu, don ba sa warin hayaƙi."

Ranar kasuwa ta uku Sada ya hura wuta a rumfar matarsa. Leburori suka saya, su yunwa ce a gabansu. 'Yan gari kuwa suka yi cirko-cirko. Wani ya ce, "Sada, ina ɗankwalin?" Wani ya ce, "Ashe shi ya sa ba haihuwa!" Kafin mako ya zagayo, mai kuben wuƙa ya aiko a mayar masa da fatarsa, masu rigar laya suka koma wajen wani. In ya zauna a dakalin masallaci sai ka ga kowa ya tuna da wani uzuri.

Yuguda, Bafulatani dillalin shanu, amininsa tun suna samari, ya tare shi a hanya. "Sada, wallahi kunya ya kama ni. An ga wancan mutum tana shiga gidanka, an gan ka da tanda. Me kake so a ce? Bar wannan aiki, ni zan samo mace ta karɓi rumfa. In ba haka ba, na rantse masar namiji ba za ta shiga bakina ba, ƙafata ma ba za ta taka zaurenka ba."

Sada ya koma gida. Da safe ya gaya wa Hambali wannan ƙullun shi ne na ƙarshe. Hambali bai yi gardama ba. "Ba zan ga laifinka ba, Malam. Na san nauyin abin. Ni shekara ashirin ina ɗauke da shi, kai ba ka saba ba."

Sada ya toya ta farko, ya kai wa Furera, ya zauna bakin gado yana neman ta inda zai soma gaya mata. Ta gutsura, ta tauna, ta haɗiye. Ta sake gutsura. Sai leɓenta ya motsa, murya ta fito a shaƙe kamar daga cikin tulu.

"Kanwa... ta yi yawa."

Kusan wata guda ke nan bai ji muryarta ba. Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Daga tsakar gida Hambali ya ɗaga murya: "Na gaya masa, Yaya! Kunnen ƙashi gare shi!"

Kasuwar da ta biyo, Sada ya ɗora Furera a kan jaki, ya kai ta rumfa ya jingina ta da buhun gero. Yana toyawa, tana nuna masa da hannun hagu wadda ta isa juyi. Masu ba'a suka zo, suka gan ta zaune, mafi yawansu suka ce "sannu da jiki" suka wuce.

Sada ya yi asarar rabin masu kawo masa fata da mazauninsa a dakali, har ya mutu wasu ba su daina yi masa kallon gefen ido ba. Furera ta ci ribar rumfarta da shekara shida tana yi wa mijinta faɗa a kan ƙullu. Babban mai asara dai Yuguda ne. Duk Jalingo ba wanda ya kai shi son masar rumfar nan, ga shi mutum ne mai riƙe rantsuwa. Kowace kasuwa sai ya bi ta gabanta da shanunsa, yana haɗiyar miyau, yana duban wani gefe.