Sunan Lorraine a Takardar Mota

Wata uku bayan matata Lorraine ta kwashe kayanta, na kira kamfanin inshora na ce su cire sunanta daga takardar motata. Na yi haka ne don in ji kamar ni ma na yanke wani hukunci. Matar da ta ɗauki wayar ta ce kuɗin shekara ya ƙaru da fam ɗari da casa'in.

"Ƙaruwa kuma? Mutum fa na rage."

"Haka lissafin ya nuna, yallaɓai. Namiji mai shekarunka, shi kaɗai a takarda, ya fi haɗari."

Shekara ashirin da biyu ina koyar da ƙididdiga a nan birnin Hull na Ingila, don haka ban sami bakin musu ba. Ashe matar da nake yi wa dariya duk lokacin da za ta yi fakin, ita ke sa kamfani ya yarda da ni.

Ranar Asabar na tafi garin Beverley, gidan ƙanwar Lorraine, inda take zaune. A hanya na tsara maganata kashi uku: inshora, shirun da gidan ya yi, sannan roƙon ta dawo. Inshorar dalilin ƙwanƙwasa ƙofa ce kawai.

"Clive, ka rame," in ji ta. "Har yanzu waken gwangwani ne?"

"Na cire sunanki daga inshorar mota, sun ƙara min kuɗi."

"Allah sarki, Farfesa. Nawa na kai?"

"Ɗari da casa'in."

"Duk shekara? To, su dai sun san da zamana."

Nan ya kamata in shiga kashi na biyu. Ta tsaya riƙe da ƙofa, ba ta gayyace ni ciki ba, ba ta kuma rufe ba. Jira take yi, na gani. Sai na ji bakina yana yi mata bayanin yadda kamfanoni ke auna haɗari: shekarun direba, unguwa, girman inji, tsawon tafiya. Na yi kusan minti goma, har da misalai, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba.

"Abin da ya kawo ka ke nan?"

"Kusan."

Ta jira sauran. Ni kuma ina duban tukunyar furen da ke gefen ƙafarta.

Ta shiga ta ɗauko lasisinta, ta karanto min lambar, na rubuta a bayan ambulan.

"Mayar da sunan," ta ce. "Amma ka gaya musu adireshina ya canja. Na kama haya a Cottingham, ranar Litinin zan tare."

Na tambaye ta lambar gidan. Ta faɗa, na rubuta da kyau.