Aljihun da Kawu Ya Ɗinka

...ƙasa bakwai, ban da waɗanda jirgi ya tsaya shan mai. Haka Kawu tela yake faɗa tun yarinyar nan tana zama gindin kekensa tana tsintar ƙyalle, baki sake. Har da ƙasar da sanyi ya daskarar masa da gaisuwa, sai da aka gasa ta a wuta aka ji "ina kwana". Ta yarda. A da, komai ya faɗa yarda take.

Yanzu fa? Jibi za ta hau jirgi. 'Yar ƙanwarsa, da ko sakandare ba ta gama ba, wai za ta wurin ƙawa. Ƙawar waya! Mutum ya ga fuska a gilashi sai ya ɗauki jaka?

Rigar sanyinta na kan keke. Uwar ce ta kawo: Yaya, kai ka san hanya, yi mata aljihun ɓoye. Shi ya ce a bar masa har fasfon, ya auna.

Wai baban ƙawar ya ce a raba guzuri gida biyu, a ajiye na dawowa daban... Baban ƙawar ya ce kada ta bi kowa sai shi, an ga fuskarsa a waya, an karɓi lambarsa. Baban ƙawar, baban ƙawar — shi ya goya ta? Shi ya ɗinka mata kayan makaranta ba ko sisi? Jiya Kawu ya fara mata labarin ɓarayin tashar jirgi, tana "to, Kawu", ido na kan waya.

Fasfon nan, ɗan littafi kamar ba komai ba. Ƙamshin sabuwar takarda. Ga hotonta, ko murmushi babu, kamar wata babba... Ita a shekarunta. Shi kuwa ga furfura, iyakarsa garin kan iyaka, shagon wani, yana kallon motoci suna tsallakawa. Wannan ma ai tafiya ce. Ba tafiya ba ce?

Ya cusa fasfon a aljihun, ya taka keke. A rufe shi ruf, ta ko'ina, ɓarawo sai dai ya saci yarinyar da rigar. Ƙarar allura ta sauya — gif, gif — kamar tana cin fata.

Ga su sun shigo, yarinyar da uwarta. Yarinyar tana laluba rigar, tana dariya, wai in an nemi fasfo a filin jirgi rigar za ta tuɓe ta miƙa? Ya ce shi haka ya yi a duk ƙasashen, ma'aikata har jinjina masa suke.

Uwar ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki reza, tana farkewa a hankali. Fasfon ya fito. Zare ya ratsa shi, layi ɗaya, ta kan hoton.

Yarinyar ba ta kalli fasfon ba. Shi take kallo.

"Yaya," in ji uwar, muryarta ƙasa-ƙasa, "wanda ya taɓa miƙa fasfo ko sau ɗaya ba zai ɗinke shi ba."

Kawu ya juya ya dubi keken. Ai ya ji ƙarar allurar. Ya ji ta sarai. To me ya hana ƙafar tsayawa?