Ɗakin Mai Lambu

Mero ta sunkuya za ta cire silifas a ƙofar gaba, jikarta Naja'atu ta riƙe mata hannu.

"Kaka, bar su. Kowa da takalminsa yake shiga."

Gidan tun na zamanin Jamus ne, can bayan unguwar Bali, an gyara shi an buɗe wa masu yawon buɗe ido. A nan aka haifi Mero, lokacin da babanta Zailani yake kula da lambun wani Bafaranshe mai fataucin katako. Shekara sha biyu ta yi a gidan ba ta taɓa ganin falon ba. Yau ta baro unguwar New Bell ne don ta nuna wa jikarta inda Zailani ya ƙarar da ƙarfinsa.

Tahir, mai zagayawa da baƙi, yana bayani da Faransanci, Naja'atu tana fassara mata. Suka wuce piyano, da farantan da aka killace da jar igiya, suka fita lambu. Ya tsaya a gindin wani tsohon lalle.

"Wai Madam, matar Bafaranshen, ita ce ta shuka shi da hannunta," in ji Naja'atu.

"Madam ko tsutsa ta gani sai an kawo mata ruwa. Baba ne ya samo irin a Garwa, saboda Inna."

Tahir ya juyo, ya koma Hausa. "Mama, kin san gidan nan?"

"Kai ni ɗakinmu kawai."

Ɗakin yana nan bayan murhu, amma an yi masa farin fenti, an huda taga, ga gado da zanen gado mai fure da gidan sauro. Mero ta daɗe a tsaye. Babu sunan Zailani ko'ina.

"Da haka yake, ai da ban yi aure da wuri ba," ta ce.

Turawa biyu cikin baƙin suka ɗaga wayoyi. Tahir ya ɗage igiyar da aka tare ƙofar ɗakin da ita, ya roƙe ta ta ɗan zauna a ɗauke ta hoto. Naja'atu ta ɓata rai, amma tsohuwa ta riga ta shiga.

Tana zama ta ji ƙwas. Ta ɗaga gefen zanen: babu katifa, falankin katako ne tsirara. Ta shafa shi a hankali.

"Naja, zo ki zauna," ta ce. "Wannan kam sun gyara shi daidai."