Darasin Rumbu

Tun da asuba Lawali ya tashi, ko kunu ya kasa sha. Yau Mushe Inusa, malaminsu na makarantar horon malamai, zai zo daga Damagaram ya ga aikinsa. In ya yaba, Lawali ya samu aji nasa. In ya kushe, sai shagon babansa a Maraɗi, ya koma awon atamfa.

Mushe Inusa ne ya koya masu tsara karatu. "Ku fara daga abin da yaro ke gani kullum," in ji shi. Da aka turo Lawali Madarunfa gwaji, ya duba gabas ya duba yamma, ko'ina rumbuna. Shi ke nan, ya ɗora komai a kan rumbu, karatu da zane da lissafi. Jiya ma ya ce kowa ya leƙa rumbun ubansa, ya ƙirgo dammunan gero. Ɗan birni ke nan! Bai tambayi kowa ba, balle a gaya masa yaro ba ya leƙa rumbu, ko matar gida ba ta leƙawa. Kuma a shekarar fari irin ta bana.

Mushe Inusa ya iso, ya zauna a bayan aji.

"To, wa zai fara?" in ji Lawali.

Tsit. Ya sake tambaya. Ko Fati sarkin surutu ta sunkuyar da kai.

Sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Tanko ne, mahaifin Fati. Ya dubi Lawali, ya kira shi yadda ake kiran malamin boko.

"Mushe, kai ka aiko ta?"

"Ni ne, Baba. Lissafi ne kawai."

"Tun kaka rumbun nan ba komai. Ƙanena ke ba ni gero a ɓoye, in shiga da shi in fito, don hankalin uwarta ya kwanta. Jiya yarinya ta leƙa, ta faɗa mata. Gobe za mu Jibiya neman abinci. Fati, taso."

Suka fita. Kunya da tsoro suka rufe Lawali, ya rasa inda zai sa idonsa.

Mushe Inusa ya miƙe, bai ko dube shi ba. Ya tambayi yaran a hankali, "Wa da wa kuma suka leƙa?"

Hannu ɗaya ya tashi, sai wani, sai wani, har bencin baya.