Cokalin Ganyen Baba Kuriyakos

Shekara goma sha tara ina jinyar iyayen mutane a gidajensu a Kottayam ta ƙasar Indiya, sannan na ce ni ma sai na zama manaja. Na yi kwas na wata shida, na ci jarrabawa. Saura sa hannun Hajiyar kamfaninmu, wato Madam Sosamma, bayan na riƙe ofis wata ɗaya ba ƙorafi. Ƙorafi ɗaya tak, sai baɗi.

Kai ya ɗan kumbura, ban musa ba. Na buga dokoki goma sha biyu na raba wa ma'aikata, har da tafasa cokalin ƙarfe kafin a ba tsoho abinci.

Saura kwana uku sai Rajamma, wadda na tura gidan Baba Kuriyakos, ta bugo waya.

"Yaya Kunjumol, tsohon nan fa yau kwana biyu ya ƙi kunun shinkafarsa. 'Yarsa ta bugo daga Kuwait, ta ce za ta kira Madam."

Na hau bas ban ko ɗauki laima ba. Ina isa na tarar Madam ta riga ni, tana zaune a baranda da takardar da za ta sa wa hannu cikin jaka.

Tsohon na kan kujera, ya ɗaure fuska tamau.

Na ce, "Baba, me kunun ya yi maka?"

"Kunu bai yi min komai ba. Shekara tamanin da takwas, yau za a cusa min ƙarfe a baki? Asibiti nake? Na faɗa wa wannan, ta ce wai doka ce."

"Dokar wa?" in ji Madam.

Rajamma ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni, don ni ma kakata ba ta taɓa shan kunu da ƙarfe ba, sai da cokalin ganye.

"Tawa ce, Madam."

Na fita tsakar gida, na tsinko ganyen cakka, bishiyar nan tamu mai manyan 'ya'ya da ganye mai kauri, na wanke, na naɗe shi kamar mazurari, na soke da tsinken kwakwa. Baba ya karɓa ya jujjuya.

"Naɗin ragwaye ne," ya ce, "amma kawo."

Ya shanye tas. Na riga na fara lissafin wata shekarar a raina sai na ji Madam ta ce, "Da kin ɗora wa Rajamma laifin, da na koma da takardar nan yadda na zo da ita. Ara min biro."

Ta ɗora takardar a kan cinyarta ta sa hannu. Ni da na yi niyyar riƙe girmana, sai ga hawaye.

Baba ya miƙo kwanon.

"Manaja, in kin gama kukan, a ƙaro."