Kafson Sumayya

Ni ke wanke ƙafar Inna, amma ƙanwata Sumayya ake sa wa albarka. Haka gidanmu yake tun muna yara.

Inna na da ciwon suga, ya riga ya cinye mata ƙarfin jiki. Da kututturen kara ya soke ta a gonarmu ta Malisa, sai ciwon ya zama gyambo. Ni da nake aure kusa da gida, ni ce ta ruwan ɗumi da gishiri, ni ce ta korar ƙuda. Sumayya kuwa tana Kalgo abinta, sai dai ta aiko direba da ledar kafso ja da rawaya. Inna ta ɓare ɗaya ta barbaɗa a gyambon, ta haɗiye ɗaya in ta tuna, sauran ta ƙulle a bakin zane tana nuna wa maƙwabta kamar tsarabar Makka. Ni ko sannu sai na roƙa.

Rana ɗaya zazzaɓi ya rufe ta, ga amai ga zawo, idanu jawur, ta daina gane mutane. Muka kai ta asibitin Gwandu, suka tura mu babban asibiti. Likita ya ce ƙwayoyin cutar gyambon sun zuba dafi a jininta, ƙodarta na neman tsayawa. Da na nuna masa kafson, ya ce irin wannan sha na ganin dama shi ke sa ƙwayoyin cutar su saba da magani, shi ya sa allurar farko da aka yi mata ba ta ci su ba.

Allah na gani, sai da wani abu ya yi mini daɗi. Uwata tana kwance rai a hannun Allah, ni kuma ina tauna maganar nan, ina jiran ta farfaɗo ta ji aikin 'yar lelenta. Sumayya ta zo cikin sabuwar atamfa, ta yi kukanta, ta ce warin asibiti na tayar mata da zuciya, ta koma.

Bayan kwanaki, da hantsi, ina shafa wa Inna man kaɗanya a tafin hannu, fatar na saɓulewa kamar ɓawon albasa, sai ta buɗe ido. Ta damƙe yatsuna.

"Sumayya, ke ta? Na san ba ki bari na."

Maganar likita tana nan a bakina, a shirye. Na haɗiye ta da ɗacinta.

"Ni ta, Inna."

Ta yi mini murmushin da ban taɓa samu da sunana ba.